Dokta da Robarsa

Tun da autan tela ya shiga makarantar likitanci, gidansu aka daina kiran sunansa, sai Dokta. Alhali duk dubiyar da ya iya a jikin mutum-mutumin roba ya koye ta, abin da ba ya tari, ba ya amsa gaisuwa.

Ranar da aka fara kai 'yan ajinsu ɗakin marasa lafiya, malami na tsaye zai ba da maki, Dokta ya cafki hannun wata tsohuwa babu ko sannu.

Ta fizge hannunta ta ce, "Ɗan nan, a kasuwa uwarka ta sayo maka ni?"

Maki dai ya tafi, malam ya mayar da shi wurin robarsa. Yanzu sai Dokta ya rusuna ya ce wa robar, "Baba, ya jiki?" Har jiran amsa yake yi.