Attahiru Bai Sauka Daga Keke Ba

A zamanin farar hula, duk rugar da ke tsakanin Shagari da Kajiji ta san ƙararrawar keken Attahiru mai allurar shanu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura ƙiris ya kai fansho. Maganin yana cikin wani kwando mai ƙanƙara, in ta narke ya zama ruwan banza, shi ya sa kullum a guje yake.

Wata rana ya wuce shugabansa Mode a tashar Bodinga, ya ɗaga hannu kawai, bai sauka ya durƙusa ba. Mode kuwa, mutum ne da a gaida shi ya fi masa a ba shi tuwo! Ya rubuta wa na sama wai Attahiru ba ya zuwa ruga. Aka kore shi, ba garatuti, ba fansho.

Attahiru ya ɗaukaka ƙara, don doka ta ba shi dama. Shaidarsa tana kunnen shanu, domin duk wadda ya yi wa allura sai ya tsaga mata kunne. Kwamiti ya zo daga Legas a motar gwamnati. Makiyaya na hango ƙura suka ce jangali ya dawo, suka kora dabbobi daji. Ko maraƙi ba a tarar ba. Aka kori ƙarar.

Ya koma tallan ruwan sanyi da kwandon nan nasa. Ba zan ɓoye muku ba, bai yafe ba. Kowace asuba da sunan Mode yake rufe addu'a, har matarsa Rahamatu ta gaji da cewa amin.

Da soja suka karɓi mulki, guguwar kora ta kwashe Mode, kuma a wannan karon an toshe ƙofar ƙara.

Ranar kasuwa Attahiru ya hango Mode yana tafe a ƙasa, riga ta koɗe. Ya ja birki, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a tsakiyar jama'a, ya jero gaisuwa tun daga gajiya har iyali. Mode ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Ranka shi daɗe, yau ba ni sauri," in ji Attahiru. "Ka ɗaukaka ƙara mana. Ni sai in zo shaida."