Tabarau ɗin Harbi na Kawu

Shekara guda da rasuwar Kawu, na kai tabarau ɗinsa wurin likitan ido a Port Saeed. Allon harbi ya zame mini dishi-dishi, har ina tunanin dainawa.

Kawu tsohon ɗan sanda ne, mai haɗa kago, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida, a Murshid Bazaar. Duk Juma'a mukan je filin harbi da ƙaramar bindiga. Ina tuna warin albarushi, da yadda yake hura wa gilashin iska ya goge da bakin riga. Ranar da na ari tabarau ɗin na saka, jiri ya kwashe ni.

"Kawu, wannan ai ya lalace."

"Kai ne ka lalace, ɗan nan. Ba ni abina."

Likitan ya auna tabarau ɗin har sau biyu. "Habibi, gilashin dama na kusa ne, daidai tsinin bindiga, na hagu na nesa. Mai shi ko gwani ne, ko an cuce shi a kasuwa."

Ban sani ba. Kawu akwai son araha, amma bai cika kuskuren allo ba.

Na ce a yi mini irinsa. Har yau jirin bai sake ni ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa yana gani tar, kusa da nesa.