Jirgin da Ba Ya Son Sammako

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye na bakin gulbi a bayan Bungudu. Shekarar da na gama bautar ƙasa, ina zaune a Gusau ba aiki, ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai inji a gwanjo, don fiton mutane da damina, lokacin da gulbi ke cika ya raba ƙauyen da kasuwa. Jirgin yana da sitiyari a gaba, da hannaye biyu a gefensa, ɗaya na wuta ɗaya na giya. Daga hannun giyar wata waya mai riga, irin ta kulocin babur amma ta fi ta kauri, ta bi gefen jirgin har zuwa injin a baya.

Kawu ya aiko a kira ni, wai giya ta yi tauri, ni kuma ai injiniya ne. Abin da na karanta ya shafi injunan noma, kuma ko su ɗin galibi a allo na gan su. Na so in faɗi haka, sai mahaifiyata ta dube ni, na ɗauki sifana da filaya na kama hanya.

Na isa da hantsi, ranar kasuwa. Mata sun fi goma a bakin ruwa da ƙoren nono da buhunan kuɓewa, suna jira. Jirgi ba shi da birki. In giya ta ƙi komawa baya lokacin da aka kusa gaɓa, sai dai ya doki dutse da mutane a ciki. Wannan kaɗai na sani tabbas, kuma shi ya tsaya mini a rai tun daga Gusau.

Matuƙin jirgin wani dattijo ne mutumin Tsafe, wanda ya shekara ashirin yana jan bas a hanyar Funtua kafin idonsa ya fara gajiya da titi. Na tambaye shi yadda abin yake.

"Babu komi, Malam injiniya," in ji shi. "Wanga jirgi sammako ne ba ya so. Da sahe sai ka yi mishi da gaske. In rana ta take, kamar man shanu."

Ya nuna mini yadda ake yi masa da gaske. Ya ɗauko wani dutse da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ya kwaɗa wa hannun giyar sau biyu, ta shiga da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Hannun ya riga ya lanƙwashe.

"Haka nike ma bas ɗina," ya ce. "Giya da jaki duk ubansu ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na tuna abu guda daga makaranta: in ba ka san inda ciwo yake ba, raba abin biyu. Na je baya na kwance wayar daga jikin injin, na taɓa ɗan ƙarfen giyar da ke jikinsa da yatsu biyu. Gaba, tsakiya, baya, duk ya tafi sumul. Ashe injin lafiyarsa lau. Na koma gaba na ja hannun, wayar ba ta haɗe da injin, amma ta ƙi motsi.

Na kwance ɗaya bakin, na zaro wayar gaba ɗaya, na fara jan ƙarfen cikin daga rigarsa. Warin ne ya fara isowa. Ba warin giris ba ne, ba na baƙin mai ba. Irin ɗoyin bayan mahauta ne bayan an yi ruwa kwana biyu. Sai wani abu fari-fari mai ratsin kore ya biyo ƙarfen, a daskare, haɗe da yashi da gashi. Inda rigar ta tsage, na matsa da babban yatsa, tsutsotsi suka fito mini a tafin hannu, ƙanana, suna motsi. Na juya na yi amai a gulbi, a gaban mutane.

"Mi ya hwaru?" Kawu ya tambaya daga bakin gaɓa.

"Kawu, me ake zuba wa wayar nan?"

"Kitse mana. Na saniya, mai kyau. Ni ka narka shi da kaina duk Juma'a in ɗura. Amalankena shekara nawa da shi, ka taɓa jin ya yi kuka?"

Nan na gane zancen sammakon. Da sanyin safiya kitsen a daskare yake, ya riƙe waya kamar siminti. Rana na dukan jirgin ya narke. Na duba ƙarfen da kyau, ina toshe hanci da kafaɗa. A wuri ɗaya tsatsa da dukan dutse sun cinye shi, silin da suka rage ba su fi uku ba.

Abin da ya fi tsutsar ba ni ƙyama, in na tuna, shi ne abin da ya fito daga bakina. Na ce, "To, Kawu, a ganina dai, ban ce na sani ba, amma watakila zai fi kyau a ɗan duba yiwuwar canja ta, in da hali."

"Madalla," in ji Kawu. "Ya ce in da hali. A maida ta, a ɗauki mutane."

Mata suka fara miƙa ƙore. Matuƙi ya miƙo hannu in ba shi wayar. Ina tsaye da ita, tana ɗiga mini a wando, ina jin yadda na sayar da gaskiya don kada a ce na yi wa babba gardama. Wata tsohuwa mai daddawa ta riga ta zauna a can gaba, daidai inda dutsen gaɓa zai fara samu.

Ban iya cewa a'a ba. Har yau ban tabbata zan iya ba. Abin da na yi shi ne, na sa filaya na datse silin nan uku.

Kawu ya dube ni, ya dubi guntayen biyu.

"Kai, ɗan nan, don wannan aka kai ka makaranta?"

"Ku gafarce ni, Kawu. Da ma ta kusa."

"Ta kusa, shi ne ka taimaka mata! To, mutanen ga fa? A bayanka za ka goya su?"

Na ce injin yana karɓar giya da hannu; in Baba direba zai riƙe sitiyari da wuta, ni sai in zauna a baya in riƙa sawa, kafin a samo sabuwar waya a Gusau, in an dace. Na roƙi direban abu ɗaya, ya rage wuta sosai kafin ya kira ni.

"Yau ni da karen mota mai digiri," in ji matuƙin. Matan suka yi dariya. Kawu bai yi ba.

Muka tashi. Na tsuguna kusa da injin, hayaƙi yana shiga mini ido, yatsuna a kan ƙarfen suna santsi da kitse. Ruwan ja ne, yana gudu, yana tafe da karare. Duk tsawon fiton ina ta tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata in lissafina bai yi ba. Da muka doshi gaɓa na ji injin ya sassauta.

"Tsakiya, injiniya!"

Na ja.

"Baya! Baya, don Allah!"

Na tura. Ta shiga ba ƙara, ruwa ya tafasa a ƙarƙashina, jirgin ya ja numfashi ya dangana da yashi a hankali, ko nonon ƙwarya ɗaya bai zuba ba.

Na taso don in taimaka wa tsohuwar nan mai daddawa ta sauka. Na miƙa mata hannu. Ta sunsuna iska, ta ja mayafinta ta rufe hanci.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana," ta ce, "amma matsa can. Zan iya da kaina."