Likkafanin Inna Filifin Yana Akwatina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan na buɗe waya, sai ga hoton Inna Maryam, wadda duk Yelwa ke kira Inna Filifin. An rubuta ta rasu jiya da hantsi, an kai ta makwanci bayan la'asar.

Jiya. Ni sai yau, a Fesbuk.

Kuma likkafaninta yana nan Wara, cikin akwatina.

Ba halina ba ne ɗaga murya, balle a kan mamaci. Amma raina a ɓace yake, na rasa ma da wa zan yi fushin.

Masu rubuta "'yar Chana ta rasu", don Allah ku gyara. Daga Filifin ta zo koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ta musulunta, ta yi aure a Yelwa, ta haifi huɗu, ta goya jikoki. Duk rayuwarta tana gyara muku sunan ƙasarsu, yau ma sai an gyara?

Na san ta shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato. Ina amarya, katangarmu ɗaya. Ta ji ina tilawa, ta leƙo ta ce, "Malama, ki koya mini. Kullum da Ƙulhuwallahu nake sallah, na fara jin kunyar Allah."

Ban taɓa ɗaliba mai wahalarwa irinta ba. Da littafin rubutu take zuwa, da jan biro. In na ce karatu ya yi, ta ce bai yi ba, a sake. Tuwona ya sha ƙonewa saboda ita. Amma ta sauke.

Da na yi haihuwar fari ta kawo mini faten shinkafa da citta da kaza, irin na garinsu. Na tsaya tambayar wa ya yanka. Ta ce, "Malam ya yanka, ina tsaye a kansa. Ki ci ko in ɗura miki."

Maganar likkafanin kuwa, daga Hajji ta zo da shi. Farin yadi ne, ta jiƙa shi da zamzam ta shanya da hannunta. Babbar ɗiyarta Hadiza ta gan shi a ɗaki, ta yi ta kuka wai Inna na kiran mutuwa. Sai ta ƙunso shi a leda ta kawo mini.

"Ki aje. Ranar, ke za ki kawo, ke za ki yi mini wanka. Kada yara su sani."

Ta nuna mini hoton mahaifiyarta da aka aiko mata, an kwantar da ita a akwati cikin rigar leshi. Ta ce ita farin ƙyalle take so, kamar kowa.

Na ce Inna, wasiyya da shaidu ake yin ta. Ta ce Allah shaida ne. To me zan ce?

Da muka tashi zuwa Wara na mayar mata, ta ƙi karɓa. Bayan ƙaramar sallar nan na sake ɗaukar shi har Yelwa. Na tarar tana yanke wa jikanta farce a tabarma, ta rame sosai. Na roƙe ta ko dai ta karɓa, ko ta bari in gaya wa Hadiza.

"Kin gaji da ni ne, Malama? Mayar. In lokaci ya yi za ki ji."

Na ji kuwa. Bayan an rufe.

Ɗazu na kira Hadiza. Ta ce, "Wallahi Malama mun kira ki sau ɗaya, ba sabis. Muka ce ai gaisuwa ce, kya zo daga baya." Da na gaya mata abin da ke hannuna ta ce, "Da mun sani ko mashin ne da mun tura."

Ba laifinta ba ne. Inna ta yi taurin kai, ni kuma na biye mata. Na riƙe sirri, amana ta kuɓuce.

Na tambayi malaminmu, ya ce babu zunubi, wanda aka suturta ta da shi ya wadatar. Na yarda. Zuciyar ce ta ƙi kwanciya.

Mun yi shawara da Hadiza, yadin nan ba zai ci gaba da zama a akwati ba. Duk inda aka yi rasuwar mace daga Wara zuwa Yelwa, aka rasa abin sutura, a neme ni. Zan kawo, zan yi wankan, ladan na Inna. Amma ku yi ta kira har sai na ɗauka. In ba sabis, ku turo mutum.

Allah Ya gafarta mata, Ya karɓi niyyarta kamar da shi aka naɗe ta. Ya sa Alƙur'anin da ta wahala a kansa ya zame mata abokin zama a kabari, ni kuma Ya yafe mini.

Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Sunanta Maryam.