Kasetin da Bai Zo Ba Bana

A shekarun da nake karatu a Alƙahira, akwai wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da turare da carbi a unguwar Darrasa. Mu ɗalibai Baba muke ce masa. Babban ɗansa ya bar karatun addini ya tafi Amurka tuƙin tasi, kuma Baba bai yafe wannan tafiya ba. In suka yi waya sai faɗa. Abu ɗaya ne suke iya magana a kai lafiya: ƙwallon Amurkawa.

Kowane ƙarshen hunturu, bayan wasan ƙarshe na cin kofi, ɗan yakan ɗauko wasan daga talabijin ya aiko da kaset. Karon farko da muka sa shi a bidiyon wani abokinmu a unguwar Abbasiya, hoton ya yi ta birgima, babu launi. Baba ya ce yaron ko kaset mai kyau bai iya saya ba. Ashe irin kasetin Amurka ba ya aiki daidai a injin Masar. Sai da muka samu wani Bamisire da ya yi aiki a Saudiyya, mai injin da ke cin kowane iri.

Ni ne tafinta, don na ɗan iya Turanci. Gaskiya ban taɓa son wasan ba. Ƙarti ne da hular kwano suna karo kamar raguna, ƙwallon ma kamar gwanda, da an fara gudu sai a tsaya shawara. Baba kuwa da launin riga yake zaɓar nasa, ya zauna da carbi yana musu addu'a, alhali an gama wasan tun makonni. Nakan riga in ga sakamakon a jaridar Turanci, amma ya kafa min doka.

"Ɗan Najeriya, in ka sani, riƙe bakinka."

Washegari sai ya tafi santaral, ofishin da ake buga wayar ƙasashen waje, su yi ta musu da ɗan a kan wanda ya cancanci kofi. A cikin musun nan ne kowa ke jin lafiyar ɗan'uwansa.

Wata shekara kaset bai zo ba. Sanyi ya wuce, Baba na tambayar duk wanda ya sauka daga jirgi. Ya rame, ya daina tsokanarmu. Ba zai kira ba, domin in babu wasa bai san da me zai fara ba, kuma yana tsoron faɗan da zai zama na ƙarshe. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ran nan bayan la'asar ya riƙe hannun rigata.

"Shi ke nan, na janye dokar. Wa ya ci bana?"

Na nemo tsohuwar jaridar, na fassara masa: masu jar riga ne, bayan an ba su wuya a farko. Ya sa na maimaita har ya haddace.

"Yalla, tashi ka raka ni santaral."

Na tsaya a bakin ɗakin wayar ina ji. Ya yi sallama, ya ce, "To, jajaye dai sun ɗauka bana." Ya daɗe yana saurare. Can sai na ji ya fara ba da labari, da hannu da ƙafa, yadda aka ture wannan, yadda wancan ya ruga da ƙwallo. Rabin abin ba ya cikin jarida. Bai tsaya ba har aka yanke layin.

Ya fito yana share ido da bakin rawani.

"Yana asibiti aka yi wasan, haɗari ya yi da mota. Ya ɓoye min. Bai kalla ba, shi ne ya ce, Baba, ba ni labari."