Kwantenar Malam Sada

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a tashar jiragen ruwa a Kudu, akwai wata Talata ta watan Maris da har yau ba ta sake ni ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, gara ku ji ta daga bakina, don ba labarin yabon kai ba ne.

Lokacin ina mataimakin jami'in tsara jadawali. Aikina shi ne in tsara wace kwantena za ta fita, a wace mota, da ƙarfe nawa. Mai kallo daga nesa zai ce aikin biro ne, amma rabinsa lissafin wuta ne. Manyan ƙugiyoyin da ke sauke kaya daga jirgi da lantarki suke aiki. Haka ma kwantenoni masu sanyi, waɗanda ake jonawa da wuta a fili don kada abin da ke ciki ya lalace. Idan wuta ta yi ƙaranci, dole wani ya haƙura, kuma ni nake faɗin wanda zai haƙura.

Ranar, da hantsi, injiniyan wuta ya shigo ofis yana share gumi. Ya ce ɗaya daga cikin manyan janaretocinmu biyu ya tsaya, ga jirgi a bakin gaɓa ana sauke shi. In ban cire kwantena shida masu sanyi daga wuta kafin sha biyun rana ba, zai kashe ƙugiya ɗaya. Na duba takarda, na zaɓi waɗanda motocinsu ke kusa. Guda a cikinsu alluran rigakafin yara ne da za a kai wata ma'ajiyar magani a nan Arewa, kuma sai washegari da asuba ya kamata ta fita.

Direban da zai ɗauke ta Malam Sada ne, mutumin Kunduru, dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni ɗan Kankia, shi ɗan Kunduru, a can wannan ya isa zumunci. Ba ya dawowa daga gida bai riƙo mini ƙuli-ƙuli ko daddawa ba, yana tsokanata wai teba ta mantar da ni tuwon dawa.

Da na ce ya shigo ya ɗauka yanzu, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Yallaɓai, ka san ba mu hita ɗai-ɗai. Sai gobe bayan asuba ayari zai tashi. Kuma man da aka auna mani na tahiya ne, ban da na jira."

Gaskiya ya faɗa, kuma na fi kowa a ofishin sanin haka. Direbobinmu ba sa kama wannan doguwar hanya su kaɗai, saboda 'yan fashi da lalacewar mota a daji. Ƙaramin janareton da ke maƙale a tirela, mai riƙe sanyin kwantena a hanya, man gas ɗinsa a aune yake. Amma waya na ta ƙara, injiniya na tsaye a kaina. Na ce, "Malam Sada, kai dai fitar mini da ita daga fili, sauran a gani." Ya sa hularsa ya nufi motarsa.

Ya fita da rana tsaka, ya kwana a bakin ƙofa janareto na ci. A rana ta biyu ta tafiya man ya ƙare musu a tsakiyar daji. Suka zuƙo daga tankin mota suka zuba, injin ya sha iska ya ƙi tashi, kafin a samo makaniki rana ta gama aikinta. Da aka isa, na'urar da ke rubuta zafin cikin kwantena ta nuna komai. Aka ce alluran ba za su shiga jikin yaro ba.

Bayan mako biyu kwamitin bincike ya zauna. Takardar ƙofa ta nuna mota ta fita sha biyun rana, ba ta kama hanya ba sai washegari. Aka tambayi Malam Sada ko yana da izinin tsayawa, ya ce ba shi da shi. Shugaban kwamiti ya juyo ya tambaye ni ko akwai abin da zan ƙara. A watan ake duba ƙarin girmana. Tsoro ya kama ni, na ce babu. Aka karɓe katin shigarsa tasha, kamfanin motar ya sallame shi.

Sai bayan na yi ritaya na dawo Kankia na iya zuwa Kunduru. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa, idanunsa sun yi fari. Ya gane ni da murya, ya sa aka kawo tabarma da fura. Na nemi gafararsa, sannan na tambaye shi abin da ya hana shi gaya wa kwamiti cewa ya gargaɗe ni.

Ya ce, "In na hwaɗi, mu biyu za a kora. Kai kaɗai ne namu a ofishin nan. In ka tahi, wa zai saurari sauran direbobi?"

Na ce zan rubuta wa tasha in wanke sunansa. Ya yi murmushi, ya ce in rubuta in hankalina zai kwanta, amma shi ko an mayar masa da katin, ba ya ganin hanya.

Na rubuta, ba a amsa ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan takarda tana riƙe lokacin da mota ta fita, amma ba ta riƙe maganar da aka yi kafin ta fita. Wannan tana bakin mai tsara jadawali, kuma galibi babu wani shaida sai shi. Malam Sada ya bar mini kujerar ne don in riƙa sauraron mutanensa, alhali shi ne na farkon da na ƙi saurara.