Facin da Wada Ya Yi wa Ɗakin Hajjo

Wada mutum ne da sai ka taɓa kafaɗarsa yake jin sallamarka. Tun yana facin taya a bakin kasuwar Isa haka yake, hannu na aiki, ido na can wani wuri. Ya taɓa bin masu gyaran gada zuwa Maraɗi, ya dawo yana ba mu labarin wai ana manna fallen ƙarfe a jikin kankare da gam, har mota ta bi ta kai. Mun sha dariya, ni na fi kowa.

Shekarar da zama ya gagara a ƙauyensu can wajen Gatawa, ya ɗauko mahaifiyarsa Hajjo ya ajiye ta a ɗakinsa mai rufin kankare. Dangi kuwa, da tsoron barin gero a rumbu, suka riƙa kwaso dammuna suna jibgawa a kan rufin, don a ganinsu siminti dutse ne, ba ya gajiya. Abin ya ba ni haushi. Kafin a farga, bim, wato doguwar kankaren da ta ratsa tsakiyar ɗakin tana ɗauke da rufin, ya sunkuya ya tsage, daidai saman gadon tsohuwa.

Aka yi juyin duniya ta fita, ta ƙi.

"Na tashi so guda, ya isa," in ji ta. "Nan za ni zamna."

Wuni take a kwance tana kallon tsagar, bakinta na motsi.

Wada ya sa aka sauke geron. Ya tokare bim ɗin da jak na ɗaga mota, ya goge fuskar kankaren har tsakuwa ta bayyana, ya kankare fallen ƙarfe ya yi fes. Ya kwaɓa gam mai kauri ya shafa, ya manna ƙarfen daga ƙasa, ya ɗaure bakinsa da noti. Da ƙyar Hajjo ta yarda ta fito ƙarƙashin darbejiya a tsakar gida, da sharaɗin za ta koma. Ya hana kowa hawa rufin sai da gam ya kama.

Da aka zare tokara, bim ya tsaya cak. Na ji daɗi har raina.

Hajjo ta shiga da hantsi, ta kwanta, ta daɗe tana duban sama.

"Wada, ina hanyata?"

"Wace hanya, Inna?"

"Wagga da ta biyo ta nan. Ga inda ta karkata wurin tsamiya, ga gulbi, ga ƙohwar gidanmu. Kullum ita ni ka bi in tahi in ga garkata."

Wada ya ɗaga kai. Babu komai a inda tsagar take sai baƙin ƙarfe miƙaƙƙe.

"Na ruhe ta, Inna. Ban sani ba."

Ta gyara filo, ta juya wajen bango.

"To, a maida geron bisa," ta ce. "Na zama 'yar Isa."